Mun Kira Su Da Hoto, Mun Bar Su A Tasha

Makon jiya bayan sallar isha'i, ana zaune wurin mai shayin bakin masallaci, wani yaro da bai wuce shekara 19 ba ya yi wata tambaya da ta sa kowa ya fashe da dariya. Watansa huɗu a unguwar nan yana tura kurar ruwa. Cewa ya yi: "Don Allah baba, wai ita Abujar da ake nunawa a talabijin, a ina take?" Aka yi ta dariya har da masu tafawa. Wani ya ce masa ai ga shi a tsakiyarta, wani ya ce sai ya yi fasfo tukuna. Ba wanda ya ba shi amsa. Yaro ya shanye shayinsa ya tashi.

Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga ashe kanmu muka yi wa dariya. Yaron nan ba daga sama ya faɗo ba. Wani daga cikinmu ne ya kira shi, ko da baki ko da hoto. Kuma duk cikin mutanen da suka cika bencin nan, da masu shekara 10 a Gwagwalada da masu 30, ba a samu mutum ɗaya da ya ɗauki rana guda ya riƙe hannunsa ya nuna masa garin da ya baro uwa da uba dominsa ba. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne. Ba na gwamnati ba ne, ba na minista ba, ba na ciyaman ba.

Mu fara da hoton, tunda daga nan ɓarnar take farowa. Kowa ya san yadda muke yi. Ranar sallah a sa shadda mai maiƙo, ta kai ko ta aro, a shiga mota a tafi Ƙofar Gari ko bakin Tafkin Jabi, a jingina da motar wani bawan Allah da ba a ma san sunansa ba, a ɗauki hoto, a tura WhatsApp. A Bakori ko Ɗanja ko Talatar Mafara sai a ce wane ya kama ƙasa, yana Abuja. Ba wanda yake tura hoton ɗakin da mutum bakwai suke kwana a kan tabarma biyu. Ba wanda yake tura hoton zafin watan Maris na Gwagwalada, wanda yake fitar da mutum tsakar gida da ƙarfe biyu na dare yana fifita da kwali. In muka je gida kuwa sai mu ƙara gishiri: ai kuɗi a Abuja a ƙasa suke, sai wanda bai iya sunkuyawa ba. To yaro mai jini a jika ya ji wannan, ya ga hoto, me zai zauna yi a gona? Sai ya sayar da akuyar uwarsa ya hau mota. Direba ya sauke shi a Zuba ya ce an iso. Yaro ya duba gabas ya duba yamma, tireloli da ƙura da masu lemo da ayaba, ya ciro waya ya kira ɗan'uwansa. Waya a kashe.

Mun san ba kowa ne hoto ya kawo ba. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, sun zo ba don sha'awar fitilun titi ba. Su ne ma suka fi cancanta a riƙe musu hannu, don sun zo da tsoro a zuciya, kuma ba su da inda za su koma in abin ya ƙi.

Abin da ya kamata baƙo ya fara ji daga bakinmu shi ne gaskiyar wurin da yake. Gwagwalada tana cikin Babban Birnin Tarayya, ɗaya ce daga ƙananan hukumominsa shida, tare da Abaji da Kwali da Kuje da Bwari da ta cikin gari. Amma tsakaninmu da Abujar talabijin akwai tafiyar kilomita 50 ko fiye. Sai ka bi ta mahaɗar Giri, ka hau titin filin jirgi, ka wuce Lugbe, sannan ka hango Ƙofar Gari. Ko kuwa ka zaga ta Zuba da Dei-Dei da Kubwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya cinye cinikin yinin mai tura ruwa. Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a 2024 bai san da zamanmu ba. Saboda haka baƙo ba zai ga garin nan da kansa ba sai ya yi shekaru, ko kuma ya gan shi ta hanya mafi muni, wato ranar da ya shiga ba da sani ba ya taka doka.

Wannan ba zato muke yi ba. Bara wani yaro ɗan ƙanwar maƙwabcinmu ya zo, aka haɗa masa babur na biyan kaɗan-kaɗan, ya fara acaba tsakanin kasuwa da Kutunku da Dagiri. Sati uku da farawa wani fasinja ya yi masa tayin kuɗi mai tsoka ya kai shi cikin gari. Yaro ya ga banza ta faɗi. Bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, cewa tun watan Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaba a cikin birnin, kuma baburan da aka kama sau da yawa niƙe su ake yi a gaban 'yan jarida. Jami'ai suka tare shi, babur ya tafi. Ya dawo unguwa a motar haya da kuɗin da wani ya tausaya ya ba shi. Har yau yana biyan bashin babur ɗin da ba ya hannunsa, da kuɗin leburanci. Da aka zauna maganar, kawun nasa cewa ya yi: "Ai na ɗauka ya sani." Ta ina zai sani, Alhaji? A mafarki?

Irin wannan ba ta ƙirguwa. Mai tallan goro da dabino da ya ɗauki farantinsa ya shiga Wuse ko Garki bai san an hana talla a bakin titi ba. Ɗan jari-bola da ya zo bayan watan Janairun 2025 bai san an hana su yawo a cikin unguwannin birni ba, sai a manyan juji na bayan gari. Wanda ya ga kyakkyawan gini ya ɗaga waya zai ɗauki hoto bai san akwai wuraren da ɗaga waya kaɗai zai sa ya kwana yana amsa tambayoyi ba. Wanda ya tsaya bakin titi da magariba a Area 1 ko Berger, wata mota mai tsabta ta tsaya da mutum uku a ciki ana cewa saura mutum ɗaya, bai taɓa jin kalmar wan-cans ba, balle ya san a tasha ake shiga mota, inda akwai 'yan kamasho da suka san direba. Wanda ya saba tsallaka titin ƙauyensu a guje bai san titin filin jirgi ba ya yafiya ba, gadar sama da aka yi a Lugbe ba ado ba ce. A nan cikin Gwagwalada ma, baƙo yakan samu ɗaki mai arha a bakin kogin Usuma da rani ya yi ta murna, ba wanda zai ce masa ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta. Duk waɗannan mun san su. A cikinmu suke kamar kuɗin da aka binne, ba mu ci ba, ba mu ba wani ba.

In ka tayar da maganar, amsa uku za ka ji, kuma mun ji su har mun haddace.

Ta farko, wai mu ma haka muka zo, ba wanda ya nuna mana. Wannan ƙarya ce, kuma masu furfura a cikinmu sun san ƙarya ce. Wanda ya zo nan shekarun 1980, lokacin da ake ta aikin gine-gine, kafin a dawo da gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, a gidan wani ya sauka. Wani ne ya ba shi tabarma, ya kai shi wurin ɗan kwangila, ya tsaya masa. Haka Bahaushe yake yi tun zamanin fatake. A hanyar Gwanja kowane zango da fatomansa: shi zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya gaya maka farashin gari da dokar sarkin gari, ya haɗa ka da mai saye, in rigima ta tashi shi zai je gaban hukuma a madadinka. Da haka aka kafa Sabo a Ibadan, da haka aka kafa zangunan Kumasi da Ankara. Ba ƙarfi ne ya zaunar da kakanninmu a garuruwan mutane ba, maigida ne da ya san gari yake jan wanda bai sani ba. Mu ne muka ci moriyar wannan tsari, muka hau, sannan muka janye tsanin.

Ta biyu, wai yawon buɗe ido aikin Turawa ne da 'yan boko, talaka ina shi ina kallon gini. Wannan ita ce ta fi ba mu haushi, don tana da kamar gaskiya. E, wanda bai ci ba ba ya kallon fure. Amma ku dubi bambancin yaron da aka zaga da shi da wanda ba a zaga da shi ba. Na farko ya san gabas da yamma, ya san Maitama ba wurin tsayawa a yi fitsari a gindin katanga ba ne, ya san inda motar Gwagwalada take lodi, in an aike shi Utako zai je ya dawo. Na biyu ko dai tsoro ya kama shi ya maƙale a lungu ɗaya shekara biyar, ko kuma ya fita da gadara ya faɗa rami. Kuma akwai abin da ya wuce wannan. Mutumin da ya tsaya a harabar Masallacin Ƙasa ya yi sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa da mai babbar riga, ya ɗaga kai ya ga ƙubbar nan mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu, ya fito ya hango babban cocin ƙasa can gaba kaɗan, wannan mutumin ya fahimci wani abu game da ƙasar da yake ciki wanda wa'azin awa uku ba zai koya masa ba. Garin nan da kuɗin ƙasa aka gina shi. Yana da haƙƙin ya gan shi ba a matsayin mai gadi ko mai wankin takalmi kaɗai ba.

Ta uku ba a faɗinta a fili, amma ita ce ta gaskiya: in yaro ya waye zai bar ni. Akwai masu kura goma, masu babur biyar, masu shagon da suke son yaron da bai san kowa ba, bai san farashin komai ba, bai san akwai wani aiki bayan wannan ba. Duhun kansa shi ne ribarsu. Ba za mu kama suna ba, kowa ya san kansa. Amma mu daina kiran wannan riƙo. Wanda ya ɗauko ɗan mutane daga gida ya ajiye shi kamar jaki a turke, ranar da wani abu ya same shi, shi ne zai ɗaga waya ya kira uwar yaron, kuma ba mu ga bakin da zai yi mata bayani da shi ba.

Ba a maganar mata ma sam, kuma nasu ya fi muni. Nawa ne a unguwar nan aka kawo su amare daga Kano ko Zariya ko Gusau, aka ce an kai su Abuja, yau shekara shida, 'ya'ya uku, iyakar Abujarsu daga ɗaki sai awon ciki sai gidan suna? Ƙawayenta a gida suna yi mata kallon matar babban birni, ita kuwa ko Dutsen Aso ba ta taɓa hangowa ba. Wata baiwar Allah da mijinta ya yi hatsari da dare ba ta san hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja ba, asibitin da mutane suke zuwa daga Kogi da Neja, alhali yana nan cikin garin da take zaune. Sai da ta buga ƙofar maƙwabta uku. Malam, ba muna cewa ka saki iyalinka su yi ta gantali ba ne. Kai da kanka ka ɗauke su ranar Lahadi ɗaya, ka kai su Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a watan Disamban 2003, ku shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, yara su yi gudu. A hanyar dawowa ka nuna mata ƙofar asibiti, ka nuna mata tasha, ka sa ta haddace sunan unguwarku da lambar wayarka. Wane malami ne ya ce wannan haramun ne?

Sai kuma abin da muke ganin ya fi kowanne muhimmanci, wanda shi ma ba ma koya wa baƙo don mu kanmu ba mu damu da shi ba: garin nan yana da masu shi. Kafin Janar Murtala Muhammad ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni a ranar 3 ga Fabrairun 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, akwai Gbagyi a nan, akwai Bassa da Gade da Gwandara da Koro da Ganagana, da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Da yawansu an tashe su daga ƙasarsu don a yi titunan da muke ɗaukar hoto a kai. Yaro ya zo daga gida da kalmar "bagware" a bakinsa a matsayin zagi, yana faɗa wa matar da take sayar masa da doya, kuma muna ji muna murmushi. Ranar da aka mayar masa da martani sai mu ce ana ƙin Hausawa. Mun ga yadda ƙaramin abu yake zama gobara: a watan Mayun 2022 hatsarin babur guda a Dei-Dei ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin 'yan acaba da 'yan kasuwar katako, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, aka rufe kasuwa. Wutar irin wannan ba ta tambayar wa ya daɗe a gari, wa ya zo jiya.

Darasin kuwa yana cikin aljihun kowa. Ciro naira 20. A gaba Murtala ne, wanda ya ce a yi Abuja. Juya bayanta, matar da take ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar Kwali ɗin nan da ke gaba da mu a hanyar Lokoja, wadda tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka. Ciro tsohuwar naira 100, ga Dutsen Zuma, wanda yawancinmu muke rantsuwa a Abuja yake alhali a jihar Neja yake, kusa da Madalla. Sunan Abuja kansa aro ne. Lokacin jihadi, da aka kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, nan ƙasar Zuba ya yo da jama'arsa, cikin Koro. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka kira shi Abuja, garin da yau ake kira Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon birni. Ashe tun sama da shekara 200 da suka wuce Bahaushe ya taɓa zuwa wannan ƙasa a guje, ba shi da masauki, aka karɓe shi. Yaron da aka gaya wa wannan a gindin Dutsen Zuma ba zai ƙara kallon mai doya da ido ɗaya ba.

To me muke so a yi? Ba ƙungiya muke so a kafa ba, mun gaji da ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji da hula iri ɗaya. Mota ɗaya muke so, bas mai cin mutum 18, sau ɗaya a wata, ranar Juma'a. Unguwar da take iya tara kuɗin kiɗan biki da kuɗin fentin masallaci da kuɗin tarbar ɗan takara ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Duk wanda ya sauki baƙo a cikin watan ya rubuta sunansa wurin liman ko mai unguwa, ya biya rabin kuɗin kujerarsa, jama'a su cika. Dattijo ɗaya da ya san gari ya zauna gaba. A fara da nan gida: ga asibiti, ga ofishin 'yan sanda, ga fadar Aguma, ga jami'ar da aka kafa tun 1988 wadda yaranmu suke kai wa ɗalibanta ruwa ba su taɓa tunanin su ma za su iya zama a ajinta ba. A bi ta Giri, a tsaya Lugbe a hau gadar sama da ƙafa a sauko. A wuce Ƙofar Gari da babban filin wasan da aka gina don wasannin Afirka na 2003, a ce musu daga nan babur ba ya wucewa. A nuna musu Dandalin Eagle da Majalisa daga cikin mota, waya a aljihu. A yi Juma'a a Masallacin Ƙasa. A shiga kasuwar Wuse su ji farashi da kunnensu, su ji yadda ake ciniki da buroka. In sun ga dama su ɗauki hoto a Jabi, ba laifi, amma a gaya musu in za su tura gida su haɗa da na ɗakin kwanansu. A dawo ta Kubwa da Dei-Dei, a ɗan zarce Madalla a ga dutse kafin rana ta faɗi. Wata na gaba a yi ta mata, da mazajensu ko da wata dattijuwa da kowa ya yarda da ita.

Wani zai ce in sun ga daular Maitama da Asokoro zuciyarsu za ta ɓaci, su fara hangen abin da ba nasu ba. Ai sun riga sun gani a waya, Malam, kuma a waya ba a nuna musu mai gadin da yake kwana a bakin get ɗin ba. Gara su gani da idonsu, kusa da dattijon da zai ce musu wancan gidan shekara 8 ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Wasu ma in sun gama zagayen za su ce a kai su tasha su koma gona tun kuɗin motarsu bai ƙare ba. Wannan ma riba ce.

Mun riga mun yi magana da wani direba ɗan unguwa, ya ce in an cika masa tanki ya yafe sauran a tafiyar farko. Takardar suna tana wurin mai shayin bakin masallaci. Yaron nan mai kurar ruwa shi ne na farko a kanta. Ya tambaya ko sai da takalmi sau-ciki ake shiga Abuja, aka ce masa silifas ɗinsa ma sun isa, ya dai wanke su.